Ɗakin da Kika Bari da Shuɗin Layi

Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa zai koma, ba a duba wanda ya riga wani zuwa duniya. Ranar Laraba, sha tara ga watan Fabrairu, da hantsi, mahaifiyarki ta dawo daga asibiti ita kaɗai, rungume da bargon da aka lulluɓe ki da shi lokacin tafiya. Ta tsaya a bakin ƙofata ba ta yi sallama ba, ita da ba ta taɓa wucewa ba tare da ta tambayi kwanana ba. Ta dafa bango ta ce, "Baba, jikarka ta tafi." Ni kuma, saboda rikicewar tsufa, sai na ce mata, "Ina?" Har yau ina jin kunyar wannan tambaya, kuma har yau ban daina yin ta a zuciyata ba.

Ni tsoho ne, na haura tamanin. Na yi aikin koyarwa har aka sallame ni, matata ta rasu da jimawa, ɗana guda yana nesa, sai dai waya. Ƙafafuna ba su kai ni maƙabarta ba ranar da aka kai ki, muryata kuma ba ta da ƙarfin da zan tashi cikin jama'a in faɗi alherinki. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai kuma dalili na biyu. Kin bar aiki bai ƙare ba, aikin da kika yi saboda ni, abokan aikinki sun zo suna neman izinina su ƙarasa shi. Na ba su amsa, amma ke ce kika fi cancanta da jin yadda na kai gare ta.

Ban taɓa kiran ki da sunanki na yanka ba, ba kuma yau zan fara ba. 'Yar Bene nake ce miki, don a saman kaina kuke ke da mahaifiyarki, ni ina ƙasa. Ke kuma Kaka kike ce mini, idan kin so tsokana ki ce Kakan Ƙasa.

Da faɗa muka fara sanin juna. Bayan kun tare, sai na riƙa jin wata irin tafiya a saman silin ɗina: taku kaɗan gaba, a tsaya cik, a ja da baya, a juya, a sake tsayawa. Ba tafiyar mai shara ba ce, ba ta mai neman abin da ya ɓata ba. Da abin ya ishe ni na ɗauki sandata na hau matakala, ina hutawa a kowace kwana, da shirin in yi masifa. Ƙofar falonku a buɗe take. Na tarar an kwashe kujeru an jingine su a bango, ga yarinya siririya tsaye a tsakiyar ɗaki, an ɗaure mata wani baƙin akwati a fuska ya rufe idanunta, hannuwanta biyu riƙe da wasu 'yan sanduna, tana yanka iska da su a hankali kamar mai shafa bayan dabbar da ba a gani. Na fara karanto abin da ya zo bakina na neman tsari. Kika ture akwatin zuwa goshi, kika dube ni, kika fashe da dariya.

"Kaka, lafiyata ƙalau. Zane nake yi."

Na ce, "A ina? Ina takardar?"

Kika ce, "Zo ka zauna kafin ka faɗi a ce ni na kashe ka."

Kika zaunar da ni, kika ɗaura mini abin. Tabarau kike kiran sa, ni kuwa takunkumi na sa masa, sunan kuma ya bi shi. Da na buɗe ido sai na gan ni a ƙarƙashin ruwa, ciyayi dogaye suna kaɗawa sama da kaina, wani kifi mai ɗigo-ɗigo ya zo ya tsaya daidai hancina. Na kai hannu in kore shi, na bugi gwiwar hannunki. Ranar na manta da masifar da na hau da ita. Na sauko ina riƙe da ƙarfen matakala, ke kina riƙe da sandata kina yi mini gori wai malamin makaranta guda ya ji tsoron kifi.

Daga ranar nan ban ƙara zama ni kaɗai yadda na saba ba. Ke kika ƙara girman rubutun wayata har na koma karanta saƙon ɗana da kaina. Ke kika rarraba mini magungunana cikin ƙananan kwalabe, kika shafa wa murfin kowace launi dabam, ja na safe, kore na yamma, saboda idona ba ya raba ƙananan haruffa. Lokacin da aka yi mini aikin ido, ke kika zauna a bakin gadona kina ba ni labarin mutanen da ke wucewa ta taga, kina ƙara musu gishiri: wai mai gyaran takalma na ƙofar gida ya sake faɗa da rediyonsa, wai mai kanti ya yi aski kansa ya zama kamar ƙwan fitila. Idan na yi shiru da yawa da safe, sai ki buga ƙasan ɗakinku da dunduniya, ni kuma in ɗaga sanda in bugi silin. Idan ban amsa ba, kafin in ankara kin sauko. Ba wanda ya sa ki. Ba jini ɗaya muke ba.

Sai daga baya na gane cewa mai kula da ni ta fi ni buƙatar a kula da ita. Ciwon sikila kika zo da shi duniya. Akwai ranakun da silin yakan yi tsit, in ji saukar mahaifiyarki da sauri, in ji ƙarar mota a ƙofa. Idan kin dawo, idanunki sun yi rawaya, kin ƙara ramewa, abin da za ki fara cewa shi ne, "Kakan Ƙasa, ka ci amanata, ka sha na kore da safe ko?" Gonar nan ta ƙarƙashin ruwa da kika fara nuna mini, ashe don yaran da ke kwance a ɗaki ɗaya da ke a asibiti kika yi ta. Kin san yadda ciwon yake cin ƙashi, kin san cewa yaro ba ya da inda zai gudu daga jikinsa. Kikan ɗauki takunkumin ki kai musu, ki ɗaura wa yaron da ke kuka, ya bi kifi da ido har allurar ta fara aiki. Wata ma'aikaciyar jinya da ta zo gaisuwa ta gaya wa mahaifiyarki cewa har yanzu yaran suna tambayar ina Anti mai kifi.

Maganar gidan mahaifina kuwa, ni na jawo ta da bakina. Wata rana da la'asar kina gyara mini rediyo na ce miki an haife ni a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a bayan tashar jirgin ƙasa, inda mahaifina yake aiki, kuma an rushe layin gaba ɗaya tun ina saurayi, an shimfiɗa titi a kai. Ba hoto, ba ɗan'uwa da ya rage wanda zan tambaya. Na ce idan na mutu, gidan ya mutu ke nan karo na biyu. Kika ajiye abin kwance ƙusa kika ce, "To mu gina shi."

Na ɗauka wasa kike. Washegari kika sauko da kwamfutarki, kika fara yi mini tambayoyi irin waɗanda ko alƙali bai taɓa yi wa mai laifi ba. Ƙofar ta ƙarfe ce ko ta katako? Ciki take buɗewa ko waje? Idan rana ta fito, wane bango take fara taɓawa? Famfon tsakar gida yana ɗiga? A kan me yake ɗiga, siminti ko ƙasa? Sai ki hau bene, in ji takunki a saman kaina, gaba, baya, tsayawa, na san kina ɗora bulo a gidan ubana.

A nan ne na ga irin ladabin aikinki, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Kina da ƙa'ida guda wadda ba ki taɓa karyawa ba. Duk abin da na faɗa da tabbaci, kikan ba shi jiki da launi, ya tsaya daram. Abin da ban faɗa ba kuwa, amma dole a sa wani abu a wurin don gini ya haɗu, sai ki zana shi da siririn layi shuɗi, fanko, ana hango abin da ke bayansa. Idan na shiga na ce, "E, haka yake," sai ki cika shi. Idan na ce a'a, ki goge. Idan na yi shiru, ya zauna a shuɗinsa. Na taɓa ce miki ki daina wahalar da kanki, wa zai sani? Kika ce, "Kaka, kai ba za ka sani ba, shi ya sa. Idan na cika maka ƙarya da launi, gobe ita za ka tuna, kuma ba ka da wanda zai ƙaryata ni." Mutane ma ba kya zana su. Kika ce fuskar da ba ki taɓa gani ba, ba ki da hurumin ƙaga ta. Sai dai ki zana gurbin mutum: keken mahaifina jingine a bango, hularsa a ƙusa, takalman mahaifiyata a bakin ƙofa, ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya.

Ranar da kika ce tsakar gida da ɗakin farko sun haɗu, kika ɗaura mini takunkumi ina zaune a kujerata. Sai na gan ni a gaban wata ƙofa kore mai tsawon da ba shi da iyaka. Sakatar tana can sama da kaina. Sirdin keken mahaifina ya kai mini ido. Kantar da rediyo yake kai kuwa sai na ɗaga kai kamar mai kallon jirgin sama. Na ce, "Wannan ai ba daidai ba ne." Kika karɓa kika duba, kika dawo kina riƙe ciki don dariya.

"Kaka, gidan mutane ka ba ni ko na samudawa? Kai ka ce sakata sai an yi ɗage ake taɓa ta. Kai ka ce taga ta fi ƙarfin kanka."

Na ce, "Haka take."

"Kana da shekara nawa lokacin?"

Na ƙirga da yatsu. Kafin in cika takwas muka bar gidan. Ashe duk awon da na ba ki, da jikin yaro na auna, ke kuma kika auna da jikin tsohon da ke gabanki. Kika ce, "Kai da ka ƙare rayuwarka kana koyar da lissafi! Allah Ya jiƙan ɗalibanka." Kika ce gyaran ba wuya, za ki rage komai ya dawo daidai da tsayina. Na ce ki ba ni in sake gani tukuna. Na zauna a gindin ƙofar nan kore, famfo yana ɗiga a bayana, domin har ƙararsa kin sa. Rabon da in ji ni ƙarami a gaban wani abu, ina jiran babba ya zo ya buɗe mini, na manta. Na ce ki bar shi haka. Ba ki tambaye ni dalili ba. Kika zare mini takunkumin, kika goge gilashinsa da gefen mayafinki ba tare da kin dubi fuskata ba, na kuma gode miki da hakan.

Ɗaki na biyu shi ya gagare mu, ɗakin mahaifiyata. A cikinsa ta yi jinyar da ba ta tashi ba, aka hana ni shiga, ƙofar kullum a saye. Bayan rasuwarta ba da jimawa ba muka tashi. Na san na yi wasa a ɗakin kafin ciwon, na san na yi barci a cikinsa, amma duk lokacin da na tura ƙofar a raina sai in tarar da fari fat. Kika bi da ni ta kowace hanya. Kika tambaye ni ƙamshi, kika tambaye ni inda haske yake shigowa, kika tambaye ni ko ƙasan yana da sanyi a tafin ƙafa. Ba abin da ya zo. Aikin ya tsaya a bakin wannan ƙofa wata da watanni. Ba ki gaji ba, ba ki kuma matsa ba.

Zuwanki na ƙarshe wurina, kin sauko kina bin bango, na ga alamar ciwon yana tasowa. Kika ce, "Kaka, na ɗan yi wata dabara a ɗakin can. Kada ka shiga sai na dawo, tare za mu shiga, akwai bayanin da zan yi maka." Na ce to. Washegari aka tafi da ke asibiti.

Tun daga ranar silin ɗina bai ƙara motsi ba. Mahaifiyarki tana tafiya a sama, amma tafiyarta ta mai zuwa wani wuri ce, daga ɗaki zuwa kicin. Taki ce babu. Wani lokaci da safe sai in tsinci kaina na ɗaga sanda zan bugi silin, in tsaya da ita a sama.

Bayan an share makoki abokin aikinki ya zo, dogon nan mai sanyin murya da kike kira Dogo. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce za su yi baje kolin ayyukanki don tunawa da ke, gidan mahaifina kuma shi ne mafi girma a cikinsu. Ya ce saura ɗaki guda da kika bari da shuɗin layi, kuma suna da wata manhaja da za ta iya cika shi da launi irin na hannunki, ba mai gane bambanci. Amma sun san ƙa'idarki. Ya ce, "Baba, ba za mu taɓa ba sai ka shiga ka ce haka yake." Ya bar mini takunkumin, ya nuna mini inda ake dannawa.

Kin ce kada in shiga sai kin dawo. Na yi kwanaki ina kallon abin a kan tebur. Daga baya na ce wa kaina, dawowar da kika yi alkawari ba a hannunki take ba. Wata safiya bayan na sha na ja, na ɗaura shi da kaina.

Ƙofar da ta saba zama a saye na same ta a buɗe. Ciki duk shuɗi ne, layi a kan layi, kamar an saƙa ɗaki da zare. Gado a jikin bango na hagu. Taga, da labule an ɗaure shi a gefe guda. A ƙarƙashin tagar wata 'yar kujera gajera, ƙafarta ɗaya an naɗe ta da waya. Sama da ita ƙusa, an rataye almakashi. Madubi ƙarami, kusurwarsa ta ƙasa ta fashe. Ban taɓa gaya miki ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Na tsaya ina kallon kujerar nan. Na san ta. Na ga mahaifiyata zaune a kanta, bayanta gare ni, tana tsefe kai a hasken taga. Na ji sanyin wayar nan a yatsana, na tuna ina wasa da bakinta. Abin da na nema shekara saba'in da wani abu ya zo mini gaba ɗaya, na yi kuka a cikin takunkumi har gilashin ya yi hazo.

Na riƙa komawa kowace safiya. Dogo ya nuna mini wani maɓalli da ke maimaita zane yadda aka yi shi tun daga layin farko, na danna shi. 'Yar Bene, da na san abin da zan gani da na nemi wanda zai zauna kusa da ni. Ɗakin ya koma fari, sai layi ya fara fitowa a iska shi kaɗai, ba hannu, ba alƙalami. Ya tafi, ya lanƙwasa, ya tsaya. Na gane tsayawar. Ita ce wadda nake ji a silin. Wani wuri layin yakan yi rawa, ya katse, a daɗe ba komai, na san a nan ciwo ya kama ki kika dafa gwiwa. Sa'an nan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Kujerar nan sai da kika zana ta kika goge, kika sake zanawa kika sake gogewa, kafin ki bar ta. Kina tsaye a gabana, a daidai tsayinki, komai naki yana nan in ban da ke. Na yi miki magana. Na ce, "Haka yake, jikata, haka yake, cika shi." Layin ya ci gaba da abin da yake yi.

Na yanke shawarar in kira Dogo in ce su cika. A ranar da zan kira shi, mahaifiyarki ta sauko ta kawo mini abinci, ta ga takunkumin a kan tebur. Ta daɗe tana kallon sa. Ta ce ita ba ta taɓa yarda ta sa shi ba, tana jin tsoron jiri, kullum kina roƙon ta tana cewa sai wani lokaci. Ta ce, "Baba, nuna mini inda yarinyar nan take wuni." Na zaunar da ita a kujerata, na ɗaura mata da hannuna, na ce ta wuce tsakar gida ta shiga ƙofa ta biyu, ta ga ɗakin mahaifiyata.

Ta riƙa juya kai a hankali. Sai na ga hannunta ya tashi yana laluben iska.

"Baba, wannan ai ɗakina ne."

Na ce, "A'a, 'yata, na mahaifiyata ne."

Ta ce, "Ga kujerata nan. Ita ta karya ƙafar tana ƙarama, ni na naɗe ta da wayar shanya. Ga almakashina. Madubin nan a hannunta ya faɗi." Ta nuna wajen taga. "Har yadda nake ɗaure labule."

Ban taɓa shiga ɗakin mahaifiyarki ba, iyakata falo. Ta riƙe ni muka hau bene, hawan da na yi zaton na gama da shi. Ta tura ƙofa. Ga gado a hagu, ga taga, ga kujera da wayarta, ga almakashi a ƙusa. Na sa yatsa na taɓa bakin wayar. Sanyinta shi ne wanda na tuna.

A nan na gane dabarar da kika ce kin yi, da bayanin da ba ki samu yi mini ba. Da kika ga ɗakin ya ƙi zuwa, sai kika ara mini ɗakin uwa guda da kika sani, ko ganin gado da taga zai sa in ce, a'a, namu gadon a dama yake, daga nan zare ya kamu. Shi ya sa kika ce tare za mu shiga. Shi ya sa kika yi ta gogewa kina sakewa: kin san haɗarin abin, kin san yadda zuciyar tsoho take da yunwa. Ni kuma na shiga ni kaɗai, na haɗiye shi duka, har na ɗora mahaifiyata a kan kujerar da ba ta taɓa gani ba.

Mahaifiyarki ta zauna a bakin gado, ni na zauna a 'yar kujerar. Can ta ce, "Ashe tana kallon ɗakin nan haka." Ta ce kullum tana yi miki faɗa wai kin fi son duniyar cikin tabarau da ta gida, ko kallon inda take ba kya yi. Ga shi ashe kin san adadin naɗin waya a ƙafar kujerarta.

Da Dogo ya dawo na ce masa kada su cika komai. Ya ce, "Baba, mutane za su ce ba a gama ba." Na ce ai ba a gama ba. Na ce su nuna gidan da girmansa na samudawa, su bar ɗaki na biyu da shuɗinsa, idan wani ya tambaya su gaya masa cewa mai zanen ba ta cika abin da ba a tabbatar mata ba, wanda zai tabbatar kuma bai iya ba. Ya sunkuyar da kai ya ce haka za a yi. Takunkumin kuma na ce idan an gama baje kolin a kai wa mahaifiyarki. Ta fi ni haƙƙi a kan wannan ɗaki, kuma ita za ta iya kallon hannunki yana zana shi ba tare da ta ruɗe ba.

Ba zan ɓoye miki abin da ya rage mini ba. Ɗakin mahaifiyata ya tafi, yanzu na sani. Da can idan na tura ƙofar a raina fari nake gani, ina sa ran wata rana wani abu zai fito. Yanzu kujerar nan nake gani, da mace zaune a kanta ta ba ni baya, na kuma san ba kujerarta ba ce, amma na kasa tashin ta daga kai. Wani lokaci ma ban san ko wace ce zaune ba, ita ce, ko mahaifiyarki, ko ke. Ban ɗora miki laifi ba ko na ƙwayar zarra. Kin gargaɗe ni da bakinki, kin kuma gargaɗe ni da launi. Da wani ne ya yi aikin, da ya cika ɗakin tun farko don ya faranta wa tsoho rai, in mutu ina gode masa a kan abin da bai taɓa faruwa ba. Ke kin girmama ni fiye da haka, a lokacin da ƙashinki yake ciwo, ba kuma wanda yake duba aikinki sai Allah.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo gare Ka, ba ta cika talatin ba. Ka san ciwon da Ka jarrabe ta da shi tun tana cikin zani, Ka sanya shi ya zama kankarar zunubanta. Ka yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa mata tambaya. Yadda ta ɗauke wa yara marasa lafiya hankali daga zafin jikinsu, Ka ɗauke mata duk wani firgici na wannan rana. Yadda ta ƙi yi wa tsoho ƙarya ko da mai daɗi ce, Ka tashe ta cikin masu gaskiya. Ka ba ta gida a Aljanna wanda ba abin da ya rage a cikinsa ba a gama ba, Ka haɗa ta da mahaifiyata a can, ta ga fuskar da ta ƙi ƙagawa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarta, wadda ta yi jinyarta tun daga haihuwa ba ta taɓa cewa ta gaji ba. 'Yata, Allah Ya ba ki haƙurin da ya fi wanda kika riga kika yi, Ya sa ta cece ki. Ina yi wa 'yan'uwanta na kusa da na nesa gaisuwa, da Dogo da sauran abokan aikinta, da ma'aikatan jinyar da suka san ta, da yaran da ke jiran ta a gadajensu, waɗanda ban san yadda za a gaya musu ba. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ni kuma da na rage a ƙasa, tafiyata ba nisa. Allah Ya sa in cika da imani, Ya jiƙan ki, 'Yar Bene, Ya jiƙan mu idan tamu ta zo. Amin.